Goyon Lantana

Tun da aka ƙera bututu mai laushi, jariran da inji ke yi wa aikin zuciya da huhu suke komawa gida daga asibiti. Amma an hana goya su, sai dai a tura su a keken jarirai.

Lantana ta iso ƙofar kasuwa da 'yarta a baya, injin a ƙugu. Mai gadi ya tare ta.

"Baiwar Allah, sauke ta. Bututun wuyanta zai lanƙwashe."

"A keke ta ƙi nono, Malam. Ramewa take."

"In na kai ƙara wurin hukuma, karɓe ta za a yi."

Lantana ta ƙara tamke majanyi. Babu bugun zuciya a bayanta, sai ɗumi da gurnanin inji.

"Kai ƙarar. Su turo wanda zai iya kwance ɗaurina. Matsa, tumatir zan saya."