Katakon Gwadabe

Da la'asar Gwadabe ya sauka daga motar Kano a Gaya, ya miƙe ƙofar gidan su Kulu da ɗauri a kafaɗa. Tana fitowa ya dire shi a gabanta.

Ta ɗauka itacen girki ne, sai da ta duba da kyau. Katakon nan ne da ya zana wa madannan piyano da gawayi, wanda ya koyi kiɗa a kansa tun yana sharar otal, kafin masu kiɗan jaz su ɗauke shi. Ya faskara shi da gatari.

"Babanki ya ce ba zai ba makaɗi 'yarsa ba," in ji shi. "To, na daina. Abokan kiɗana sun tafi Legas jiya, na ce su nemi wani. Gobe zan koma noman gyaɗa a Ajingi."

Kulu ta tsuguna, ta ɗauki guntu ɗaya.

"Wa ya aike ka?"

"Ai saboda ke ne."

"Ni? Tun bara nake roƙon Baba, shekaranjiya ya amince. Makaɗi na roƙa, Gwadabe, ba manomi ba."

Ya sunkuya ya dubi guntayen katakon.

"Motar da ta kawo ka ba ta juya ba tukuna," ta ce. "Bi abokan kiɗanka. In ka zauna, kada ka ƙara tsayawa a ƙofar nan."

Ta kwashe guntayen a mayafinta, ta shige gida. Ko ɗaya ba ta kai murhu ba.