Jarkoki a Kan Soro

Tunda ka ce sarin robobi za ka shiga, angona, ja tabarma ka ji wannan tukuna.

Wani magidanci ne a wani gari da rijiyoyinsa kan ƙafe da bazara. Ran kasuwa ya tarar da mai mota yana sauke jarkoki sababbi fil, yana cewa duk wanda ya ɗebi da yawa za a yi masa ragi. Mutumin nan ya sayar da tunkiyarsa, ya saro tuli guda. Ya zura igiya ta hannuwansu, ya saɓa a kafaɗa, ya taho gida har da ɗan waƙe-waƙensa, don duk tarin nan bai kai nauyin ɗan akuya ba. Nufinsa ya tara ruwa tun rijiya tana bayarwa, kada iyalinsa su wahala in ta ɗauke. Ba mugun nufi ba ne, Allah ya sani. Sai dai ba ya son maƙwabta su gani su dame shi da roƙo, shi ya sa ya ce a kan soro zai jera su, inda ido ba ya kaiwa. Soron nan kuwa na ƙasa ne, tsohon gini, kuma a cikinsa mahaifiyarsa take kwana.

Kullum da safe sai ya cika guda, ya hau tsani da ita, ya ajiye, ya sauko yana karkaɗe hannu. Jarka ɗaya ai ba ta gagarar namiji. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har ƙasa ta fara zubo wa tsohuwa a kan gado. Matarsa ta ce, "Malam, azarar ɗakin Inna fa tana kuka." Ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Roba ce fa. Ni kaɗai na ɗauko su duka daga kasuwa." Ta ce, "Da iska a cikinsu ka ɗauko su." Ya yi dariya, ya ce mata ta je ta duba tukunyarta. Shi dai abin da kafaɗarsa ta gaya masa ran kasuwa, shi ya riƙe. Bai taɓa ɗaga su a cike gaba ɗaya ba, azara kuwa dare da rana tana ɗauke da su.

Wata rana da hantsi ya ɗora wata, ya sauko, ko tsanin bai jingine ba rufin ya rufta. Jarkoki suka farfashe, ruwa ya jiƙa ƙasar ta zama taɓo, da fartanya aka tono tsohuwa. Ta rayu, amma ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba har Allah ya karɓi abarsa. Shi yake ɗaga ta, shi yake kwantar da ita.

Har ya tsufa, in ya zauna a ƙofar gida sai ya riƙa tambayar mutane, wai wacce jarka ce ta karya azarar, alhali ta ƙarshen ba ta fi ta farkon nauyi ba. Amsar kuwa tuni Hausawa suka bayar: da yayyafi kogi kan cika.