Hannun da Ke Leƙowa ta Taga

Doka ɗaya Malama mai bincike ta kafa musu ranar da ta raba kyamarori: kowa ya ɗauko abin da ke cutar da matasan unguwa, amma ban da fuskar mutum. Su tara ne, duk 'yan ƙarƙashin gada, irin waɗanda in sun doso layi mata ke kwashe shanya.

Dokar ba ta dami Dogo ba, don abin da yake nema ba shi da fuska. Wata 'yar taga ce a bayan shaguna, bakin kwatar da ko ƙuda sai ya toshe hanci. Ka ƙwanƙwasa sau biyu, hannu ya leƙo da kwalbar maganin tari, ya koma. Kwalbar nan ce ta mayar da ƙanensa abin tausayi, yana zaune miyau na dalala, uwarsu na goge masa. Shekara biyu Dogo yana cigiyar mai hannun, ba wanda ya taɓa ganinsa.

Sai da ya tsuguna cikin ƙazanta har gwiwa kafin ya samu hoton. Hannu ne lukuti, da zobe mai koren dutse, ƙaramin yatsan a karkace kamar ƙugiya. Malama ta sa aka buga shi ya kai girman ƙofa.

Ranar baje hotuna aka gayyato shugaban kwamitin gyaran tarbiyya ya buɗe ɗakin. Ya iso turare na gaba yana baya. Da Malama ta jera yaran su gaisa, ya yatsine fuska, ya cusa hannuwa a aljihu, wai mura yake yi. Amma murar ba ta hana shi yin minti arba'in yana kiransu shara ba, yana cewa shi ko inuwarsu ba ya son ta taɓa shi. Dogo ya daure saboda Malama.

"Ranka ya daɗe, saura yanke ƙyalle," in ji Malama. Ta ɗora almakashi a faranti, ta ba Dogo ya kai.

Shugaba ya harare shi, ya zaro hannu daga aljihu.

Dogo ya bi hannun da kallo, daga karkataccen yatsa zuwa koren dutse, ya ɗaga kai a hankali, ya ga fuskar da ya yi shekara biyu yana nema.