Takardun da Aka Yanke wa Suna

Jaka ɗaya, almakashi, takardun jarrabawa ɗari biyu. Da su ta sauka daga mota, ta nufi ofishin hedimasta, ƙanin mahaifinta.

Shekara goma 'ya'yan ƙabilar tsallaken kogi ne ke zuwa na ƙarshe a jarrabawar makarantarsa. Daga ma'aikatar ilimi aka turo ta ta gano dalili.

"'Yata, a jininsu yake," in ji shi. "Kansu ba ya ja."

Ta dire masa takardun bana. Duk ta yanke sunayen.

Ya juya ta farko, ya juya ta biyu, ya ɗago.

"To ya zan ba da maki, ban san ɗan gidan wa ba ne?"

Ta kwashe takardun.

"Baba, da sunanka zan fara rahoton."

Ta ja masa ƙofa.