Tsatsa a Bakin Huji

Ɗigon farko ya sauka daidai gefen aninin, ya ɓata farar takardar. Haman ya janye kyamara da sauri, ya ɗaga kai ya harari silin, ya ja tsaki. Takarda ta huɗu ke nan da ruwa ya lalata masa a mako guda.

Shagon hotonsa na jikin wani tsohon gida ne a unguwar Briqueterie, bayan layin masu gasa nama. Da hoton fasfo da na biki yake ci, har wayar hannu ta mai da kowa gwani, kasuwa ta mutu. Abin da ya farfaɗo da shi bana tsofaffin kuɗi ne. Mohaman, mai ɗaura wa mutanen unguwa eriyar talabijin, har da ta saman wannan gida, shi ya fara kawo masa aninai da kwabbai masu huji, na zamanin Turawan Ingila. Ya ce wani dattijo ne a Ekoudou ke fitar da su daga kayan gado, kuma ba ya son a ambaci sunansa.

Aikin Haman shi ne ya kwantar da kowanne a kan farar takarda, fitila dama, fitila hagu, kada inuwa ta fito. Ya ɗauki gaba, ya ɗauki baya, ya sa a intanet. Masu tara irinsu a Faransa da Beljiyam suka yi ta saye, su biyun suna raba riba.

Aibin kuɗin ɗaya ne. Kowanne yana da zoben tsatsa a bakin hujinsa, ga ɗan lotsawa a tsakiya. Haman kan dirje su da lemun tsami da buroshin haƙori, abin da ya ƙi fita ya goge a kwamfuta, yana tsine wa gidadancin dattijon da bai iya ajiya ba.

Sai rufi ya fara yoyo.

Mai gidan, Hajiya Kaltuma, ba ta da sauƙi, shi ma Haman ba kanwar lasa ba ne. Mahaifinta bafatake ne da ya zo daga Kano da goro, ya gina gidan, ya tsaya a kan rufinsa da kansa, kuma ba ta yarda a taɓa sunan wannan rufi.

“Shekara sittin bai ɗiga ba,” in ji ta, “sai da ka shigo da fitilunka masu zafi.”

“Hajiya, rowa ce kawai. Ki sayi sabon kwano ki huta.”

Daga ranar gaisuwa ta yanke. Wainar Juma'a da take aiko masa ta daina zuwa. Shi kuma duk bokitin da ya cika, a bakin zaurenta yake juye shi, yana kallon tagarta. Ta aiko masa da saƙo cewa ranar da yoyon ya kai ɗakinta, ya kwashe komatsansa. Haman ya san bai da inda zai samu shago irin wannan a Briqueterie, amma baƙin rai ya hana shi sassautawa.

Da yake Mohaman ya saba da hawa sama, shi Haman ya roƙa ya duba. Ya hau, aka yi ta jin ƙwanƙwasa kusan rabin awa, ya sauko yana karkaɗe wando.

“Grand frère, tôle ɗin, kwanon nan, ya gama aiki. Na dai ɗan lallaɓa shi.”

Haman ya saya masa tsire don godiya. Sau huɗu ana haka, yoyon ya tashi daga wuri ɗaya ya koma tara, har da kan gadon Hajiya. Ta ba Haman wa'adi zuwa ƙarshen Oktoba. Ya ce ko da jandarma ta zo ba ya fita.

Ana cikin haka wani mai saye a Beljiyam ya nemi guda hamsin a tashi ɗaya. Haman ya tasa Mohaman gaba, ya ce ya je ya matsa wa tsohon nan, ko daga ina ne ya tono su. Mohaman ya sosa ƙeya, ya ce saura kaɗan suka rage. Ranar Juma'a ya kawo hamsin da uku a leda, yatsansa ɗaure da tsumma, ya karɓi rabonsa tun kafin a sayar, ya ce zai leƙa Garoua gaida mahaifiyarsa.

Asabar bayan la'asar Haman ya jera su a kan sabuwar takarda, sahu-sahu, suna ƙyalli. Hadari ya taso daga wajen Etoudi. Iska ta bugi gidan sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta naɗe kwanon kamar tabarma ta yi layin baya da shi. Silin ya ɓarke, ruwa ya zubo a kan kyamara da kwamfuta da fitilu. Kafin ya kai hannu, komai ya gama.

Hajiya Kaltuma ta bayyana a ƙofa, zanenta sharkaf, ɗakinta ma a buɗe yake ga sama.

“Ka ci rufin babana, hankalinka ya kwanta.”

“Ke kika kashe ni da rowarki. Wallahi sai mun haɗu a commissariat, gaban 'yan sanda.”

Ya kira Mohaman don ya zo ya yi masa shaida cewa sau huɗu yana gyara wannan ruɓaɓɓen rufi. Wayar a kashe take.

Yana sauke wayar, wani abu ya suɓuto daga katakon sama, ya faɗo ƙwal a tsakiyar jiƙaƙƙiyar takardar. Haman ya sunkuya ya ɗauka. Doguwar ƙusar rufi ce mai tsatsa, kuma a wuyanta, inda kafintocin yanzu ke sa 'yar roba don ta riƙe kwano ta tare ruwa, mahaifin Hajiya anini mai huji ya sa.