Telan da Ya Kwance Bandejinsa

Kai da aka ce a yi maka aiki a ƙafa, ka zauna kana lissafin wanda zai ci gajiyar kwanciyarka, matso ka ji. An yi wani tela a layin teloli na wata kasuwa. Gwani ne, wannan ba a ja, amma irin mutanen nan ne da in ka tsawaita masa gaisuwa sai ya laluba aljihunsa. Shekara da shekaru yana taka keke, har ƙashin gindin babban ɗan yatsansa na dama ya bulluƙo gefe kamar goro a kumatu, yatsan ya karkace ya hau kan na kusa da shi. Takalmi sau-ciki ya gagare shi, sai silifa. Ya yi shafe-shafe, ya kai wa wanzami ya tsaga, abu sai gaba yake yi. Da ya je asibiti, likitan ƙashi ya duba hoto ya ce sai an yanka ƙashin an miƙar da shi, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe, kuma kada ƙafar ta hau keke sai ƙashi ya haɗe. Tela ya fito yana tsaki, wai likita in ya ga ƙafa kamar mahauci ne ya ga akuya. Matarsa ta ce a yi, ya ce so take ya zauna ta juya gidan yadda ta ga dama. Maƙwabcinsa na rumfa, wanda suka tsufa suna aron zare da allura, ya ce ya tafi hankalinsa kwance, shi zai kula masa da rumfa. To, wannan ce ta tsaya masa a maƙogwaro. Kula da rumfa, ko kwashe masu kawo masa ɗinki? Ciwo ne dai ya ci ƙarfinsa. Ranar da wando ɗaya ya gagare shi gamawa, dole ya miƙa ƙafar.

Aiki kuwa ya yi kyau, alhamdu lillahi. Aka dawo da shi gida, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ƙafa cikin bandeji an ɗora ta kan matashi. Ga Sallah na matsowa, lokacin da tela ke yin shekararsa, shi ga shi zaune yana korar ƙuda. Duk wanda ya zo dubiya, ba fuskarsa yake kallo ba, rigarsa yake kallo. Ana nan, sai ga wani tsohon mai kawo masa ɗinki ya wuce ta ƙofar gida cikin sabon kaftani na shadda. Tela ya gane shaddar, shi aka kawo wa kafin ya kwanta. Ya kuma gane hannun, don maƙwabcin nan yana da yadda yake karya bakin aljihu, ko cikin taro ba ya ɓuya. Haba! Zuciya ta ɗebe shi. Alhali ya sani sarai, al'adar layin ce in tela ya kwanta gab da Sallah, na kusa da shi ya hau kekensa ya gama masa ayyukan da ya karɓa, da sunansa, don kada mutanensa su watse. Ya sani, amma shi da bai taɓa yi wa kowa don Allah ba, ina zai yarda wani zai yi masa? Bai aika a tambaya ba, bai jira matarsa ta dawo daga unguwa ba. Ya kwance bandeji, ya tura ƙafar cikin silifa, ya tari ɗan acaɓa sai kasuwa. Ya tarar da maƙwabcin a kan kekensa, ya bar tasa rumfar a rufe. Bawan Allah ya miƙe da fara'a zai yi masa sannu, tela ya ce, "Tashi, ai ban mutu ba tukuna." Ya zauna ya kama taka keke yana cizon leɓe, gumi na zuba, har bayan la'asar. Can ya ji abu ya ce ƙas a cikin ƙafar.

Ƙarfen ya goce, ƙashin da ya fara kamawa ya rabu, wurin ya ɗauki ruwa. Sai da aka sake yanka shi, kuma wannan karon ƙafar ba ta koma daidai ba, ko ɗan taku ya yi sai ta kumbura. A gadon asibiti ya ji cewa duk wanda ya karɓi kaya a rumfar, maƙwabcin ce masa yake aikin mai rumfa ne, shi taya shi kawai yake yi. Mutane suka jira shi iya jira, amma mai yadi ba ya kwana da yadinsa har abada, ɗaya bayan ɗaya suka koma rumfar gefe. Yanzu can za ka same shi, a kan benci, ƙafa miƙe, yana ɗaura maɓalli a rigunan da wani ya ɗinka. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.