Gidan Su Gola a Fakku

Wani ya sayar da wasan nan, kuma kowa a rumfar mai shayi ta bakin kasuwar Tambuwal ya rantse ya san ko wane ne.

Gwarazan Gulbi, ƙungiyar da suke mutuwar so, ta sake shan kashi. Wani rashin nasarar kuma, sai faɗawa rukunin ƙasa. Masu tsaron baya kamar an dasa su, 'yan gaba suna harbin tsuntsaye, koci yana ta sosa ƙeya. Amma duk wannan ba a gani ba. Sirajo aka gani, golan da aka ɗauko daga Fakku ta ƙasar Kebbe, wanda bara ake ɗagawa a kafaɗa.

Shafi'u mai gyaran waya shi ne limamin zagin. Yana maimaita bidiyon ƙwallon ƙarshe yana tura wa mutane a hanci.

"Ku duba! Ko akuya aka ɗaure ga raga ta hi shi. Allah wadan uban da ya haihe shi!"

A ƙarshen benci akwai Bube, wani dattijon Bafulatani mai kawo raguna daga wajen Fakku ranar kasuwa. Tun farkon kakar wasan bara yake zuwa ya sha shayi ya saurara. Lokacin da ake yabon Sirajo bai taɓa tankawa ba. Da aka koma zagi ma haka. In bidiyo ya zo kan fuskar golan, sai ya kau da kai ya dubi ragunansa. Ko sunan bai taɓa kamawa ba, sai dai "wancan mai safar hannu".

"Baba, kai mi kag gani?" in ji Shafi'u.

"Hannun hagu nai bai ɗagawa," in ji Bube, yana kallon ƙasa.

Rumfa ta ɗauki ihu. Ga shaida daga bakin dattijo: da gangan yake barin hannun! Ba wanda ya tambayi abin da ya sami hannun.

Nan take aka yanke shawara. Sirajo yana sansani a Sakkwato, ba a kai gare shi. Amma gidansu yana nan. Za a je a yi wa uban ihu a gaban jama'a, a fasa abin da ya fasu, gari ya san sun haifi maci amana. Matsalar ɗaya: ba wanda ya san gidan.

"Baba, kai mutumin can ne," in ji Shafi'u, "kuma ka tsane shi kamar mu. Kai mu!"

Bube ya miƙe. Sannan ya damƙa wa wani ragunan, ya hau bayan babur ɗin Shafi'u.

Da la'asar sakaliya suka shiga Fakku, babura cike da ƙarti, aljihuna cike da duwatsu. Bube ya nuna wani gida mai dangar kara. Ya sauka, ya shige ba sallama. Ya fito da tabarma da ƙwaryar fura ya ajiye musu. Sai ya zauna a ƙofar, ya tare ta da jikinsa.

"Kun ce uban kuke nema," in ji shi. "Ku hwara."

Shafi'u ya tsaya da dutse a hannu. Shi da ya haddace sunan kowane ɗan wasa har na benci, abu ɗaya ya manta, wanda ko kakarsa ta sani. Wanda ya isa ya fito ya musa: Bafulatani ba ya yabo, ba ya karewa, ba ya ko kiran sunan ɗansa na fari.